'Yan Ƙwallo Goma a Cikin Leda

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Asabar a Jamaica ba (unguwar da ke Queens a New York nake nufi, ba tsibirin ba), ranar da na tsaya a gaban jama'a, na buɗe gorar ruwa da hannuna, na nuna wa duniya cewa shekarun da na kwashe a Amurka ba su fitar da ni daga Kano ko taku ɗaya ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Matata, Maman Ummi, ba ta barin in manta. In baƙi suka zo aka ci aka sha, hira ta fara sanyi, sai ta ce, "Baban Ummi, ba su labarin katunanka mana." To gara in ba da shi da bakina, domin nata labarin akwai ƙari a ciki.

Sai na koma baya tukuna. Muna yara a Fagge akwai wani cingam da ake sayarwa a teburin bakin layinmu, falle ɗaya mai faɗi, ruwan hoda, da farin gari a jikinsa. Shi kansa cingam ɗin ba abin kirki ba ne, kana fara taunawa zaƙin ya gudu ya bar ka da roba. Abin da muke bi shi ne katin da ke ciki, hoton ɗan ƙwallon Ingila ya rungume hannu yana kallonka. Ba mu iya karanta sunayensu ba, don haka muka raɗa musu namu. Akwai Giɓi, wanda ba shi da haƙoran gaba. Akwai Buzu-buzu mai gashi kamar ba a san aski ba a garinsu. Akwai Ɗan Auta, akwai Sanƙo. Mai tsaron gida kuwa, sanye da koriyar riga, fuska a murtuke, shi muka sa wa Malam Tanko, saboda sak haka malaminmu na Islamiyya yake kallon wanda bai kawo hadda ba.

Yayana Sabo ne sarkin wannan harka. Shi ya haɗa ƙungiyar masu jar riga cif, mutum goma sha ɗaya, abin da babu yaron da ya taɓa yi a layinmu. Mukan buga kati a jikin bango, wanda nasa ya hau kan na wani ya kwashe (caca ce, mu dai faɗi gaskiya, sai dai ba mu san sunanta ba a lokacin). Yaya Sabo yakan sa kowane kati a wasa amma ban da Malam Tanko. Shi a aljihun gaban riga yake zama. In na yi masa aike ban yi ƙorafi ba, sai ya zaro shi ya ce, "Ungo, shinshina, amma kar ka sa masa yawu." Ni kuma in rufe ido in shaƙi ƙamshin cingam ɗin nan kamar an ba ni turaren Makka.

Wata damina muna makaranta aka tafka ruwa, rufin ɗakinmu ya buɗe. Muka dawo muka tarar da gwangwanin da Yaya yake ajiye katunan a ƙarƙashin gado ya cika taf. Ranar kuma, saboda an yi wanki, har Malam Tanko yana ciki. Ƙungiya guda ta koma kunu. Ban taɓa ganin Yaya Sabo yana kuka ba sai ranar. Wannan ruwan ne kuma ya cinye takardar gama makarantar Babanmu, wadda ya sha wahalar duniya kafin a ba shi wata. Saboda haka da injin laminatin ya shigo gari, wanda ake sa takarda tsakanin leda biyu a gasa ta fito tana ƙyalli, Baba ya same shi kamar an aiko masa daga sama. Takardun haihuwarmu, katin asibiti, hoton aurensu, har rasit ɗin rediyo, babu wanda ya tsira. Mu a gidanmu, in kana son abu, laminatin kake yi masa. Ku riƙe wannan, zai yi muku amfani a gaba.

Shekaru suka tafi. Na zo New York, na samu aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Bronx, na yi aure, na yi furfura. Yaya Sabo ya rasu ina nan. Ta waya na ji, ta waya na yi ta'aziyya, kafin in samu jirgi an daɗe da binne shi. Wannan abu ya zauna min a ƙirji, kuma ban iya faɗa wa kowa ba.

Wata rana wani abokin aikina ya ja ni rakiya zuwa wani zaure a Jamaica inda masu tara katunan wasanni suke haɗuwa duk Asabar. Na bi shi ne kawai don ya yi alkawarin sauke ni a gida. Tebura ne a jere, manyan mutane da gemu suna leƙa 'yan takardu da gilashin ƙara girma, suna magana ƙasa-ƙasa kamar a ɗakin mara lafiya. Ina cikin yi musu dariya a zuci sai na leƙa wani kwali a gefen tebur, na ga mutum yana yi min murmushi babu haƙoran gaba. Giɓi ne. Wallahi sai da na dafa tebur. Na ji kamar an buɗe min ƙofar ɗakinmu na Fagge, har ina jiran in ji muryar Yaya.

Tun daga ranar na ƙudura sai na sake haɗa ƙungiyar nan. Nan da nan kuma na gane yadda kasuwar take. Matasan nan ba ruwansu da tsofaffin 'yan ƙwallon Ingila. Su sababbin katunan 'yan kwando suke hauka a kai, masu walƙiya kamar takardar alewa. Tsofaffin kuma suna hannun wasu 'yan dattawa da ke son sababbin don jikokinsu. Sai na shiga tsakani. In sayi sababbi a kanti, in ware waɗanda ake rububi, in ba wannan ya ba ni wancan, in kai wa dattijo ya sakar min Sanƙo. Kawunnaina 'yan Kantin Kwari ne, ciniki a jinina yake. Har yau ban san dokar ƙwallon kwandon Amurkawa ba, amma na san wane ɗan wasa ne idon yaro yake buɗewa in ya gan shi, kuma wannan ya ishe ni. Cikin kamar shekara biyu na haɗa goma. Kowanne ya zo a cikin 'yar ledarsa mai buɗaɗɗen baki, ni kuma don tsananin tsoro ban taɓa zaro ko ɗaya ba. Ta cikin ledar nake gaishe su.

Saura Malam Tanko. Mutum ɗaya ne yake da shi a zauren, wani tsoho mai suna Denis, ɗan Ingila ne da ya zo ƙasar nan tun yana saurayi, ya yi tuƙin bas har ya yi ritaya. Nasa katin kamar yau aka buga shi, kusurwa huɗu a tsaye. Kuma ba ya sayarwa. Na yi masa tayin duniya, na kai masa kofi, na saurari labarin ciwon gwiwarsa tun daga farko har ƙarshe ba sau ɗaya ba. Ran nan dai ya dube ni ta saman tabarau ya ce, da Turancinsa na cikin hanci, "Na ji an ce kana da wani sabon kati mai sa hannu da jikata take so. Kawo shi Asabar mai zuwa. Amma ka zo da goman nan in ga yadda kake riƙonsu. Ba na ba da ɗana ga gidan da ba a kula da yara."

Na hau jirgin ƙasa na koma gida ina murmushi ni kaɗai. Yadda nake riƙonsu? Ai tsohon nan bai san ɗan wane gida yake magana da shi ba. Da ma 'yan ledojin nan sun daɗe suna ba ni haushi, baki a buɗe, ko atishawa ka yi ruwa ya shiga. Na kuma lura manyan masu abin suna da katuna a rufe ruf cikin roba mai tauri, sai na ce a raina, wannan ai laminatin ne, na masu kuɗi kawai. (Daga baya na ji cewa akwati ne, katin yana kwance a ciki babu abin da ya taɓa shi. Daga baya. Komai nawa daga baya yake zuwa.)

Na gaya wa Maman Ummi shirina. Ta ɗago daga yankan alayyahu ta ce, "Ka dai tambayi mutanen naka tukuna."

Na ce, "Me zan tambaya? Ni za a koya wa adana takarda? Takardar firamarena tana nan kamar jiya aka ba ni."

Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," irin faɗar da mata suke yi in sun riga sun hango ƙarshen zance.

A kan titin Grand Concourse, nan Bronx, akwai shagon Alhaji Mumuni, mutumin zangon Kumasi. Garin rogo, daddawa, busasshen kifi, man ja, aika kaya gida, hoton fasfo, duk a ɗaki ɗaya, injin laminatin kuma yana can ƙurya kusa da buhunan shinkafa. Dokta yake kirana saboda ina aiki a asibiti, ni kuma ban taɓa ganin dalilin gyara masa ba.

"Ei, Dokta! Yau wane pepa za mu gasa?"

Na shimfiɗa masa goman a kan kanta, na ce, "Alhaji, waɗannan sun fi pepa. A yi musu mai kauri, irin na satifiket."

Ya zaro Buzu-buzu daga ledarsa da yatsun da ya gama auna kifi da su, ya ɗaga shi sama ya duba. "Kai, wannan mutum ya tsufa o. Duba bakinshi duk ya ci. Bari in gyara maka, wannan firi ne, ba ka biya." Ya ɗauko almakashi ya bi gefen katin ya daidaita shi tsaf, ya zagaye kusurwoyin don kar su huda ledar. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina tsaye ina cewa, "Allah ya saka da alheri, Alhaji, hannunka akwai kyau." Injin ya yi zafi, ya dinga haɗiye su yana fito da su suna sheƙi. Da ya gama ya ce ko a huda musu rami a sama, in ina so in rataya. Na ce a'a, a bar su haka. Wannan ne kaɗai hankalin da na yi a makon nan gaba ɗaya.

Ranar Asabar na sa shadda, har da hula. Labari ya riga ya zaga cewa yau tsoho Denis zai rabu da mai tsaron gidansa, don haka mutane suka bar teburansu suka kewaye mu. Denis ya fito da Malam Tanko ya ajiye a gabansa. Ga koriyar rigar, ga fuskar nan a murtuke. Tsakanina da shi bai fi tsawon hannu ba.

Na buɗe jaka na fara jera nawa, kowanne yana sauka a tebur da ƙara, ƙwas, kamar katin banki.

Zauren ya yi tsit. Ni kuwa na ɗauka mamaki ne. Wata mata ta sa hannu ta rufe baki, na gyaɗa mata kai alamar na gode. Wani saurayi ya ce, "Ya Ubangiji," na ce a raina, yaro, ba ka ga komai ba tukuna. Denis ya ɗauki Giɓi, ya juya shi, ya shafa zagayayyar kusurwar da babban yatsa. Ya ce a hankali, "Wa ya yi maka wannan?"

Kun ga, a nan Allah ya ba ni ƙofar fita. Da na yi shiru na dubi fuskarsa da kyau, da na ce a haka na saye su, an cuce ni, a taya ni jaje. Amma ni sai na ji tambayar kamar ta wanda ya ga ɗinki mai kyau yana neman tela. Na gyara tsayuwa na ce, "Wani abokina ne a Bronx. In kuna da yawa zan sa ya yi muku ragi."

Ban tsaya nan ba. Na ce, "Ku tsaya ku gani." Na ɗauko gorar ruwana, na kwance murfin, na ɗora Sanƙo a tsakiyar tebur, na tsiyaya masa.

Ban taɓa ganin tsofaffi sun yi sauri irin na ranar ba. Ruwa ya gangara ta ko'ina, kowa ya yi wawar kwalinsa, kujeru suka faɗi, mutumin da ke tafiya da sanda ya manta da sandar. Denis mai ciwon gwiwa ya fizge Malam Tanko ya rungume a ƙirji ya ja da baya. Ni kuma ina tsakiya, na ɗaga Sanƙo sama yana ɗiga, na goge shi a hannun rigata, na ce da ƙarfi, "Kun gani? Ko gezau!"

Babu wanda ya tafa. Sai a lokacin na dubi fuskokin da kyau, na ga irin kallon da ake yi wa wanda ya shigo gidan makoki da kiɗa.

Denis ne ya zaunar da ni. Bai yi faɗa ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi min sauƙi. Ya ce ledar ta narke ta kama takardar, ba mai iya raba su har abada, in aka ja fuskar mutumin za ta biyo ledar. Ya ce katin da aka yanka wa gefe kuwa, a wurinsu ya mutu. Ya ce waɗannan goman sun tsallake yara da ɓeraye da ƙaura daga gida zuwa gida fiye da shekara arba'in, sai da suka zo hannun mai ƙaunarsu. Sannan ya sa Malam Tanko a aljihun kwat ɗinsa ya maɓalle. Wannan maɓallin da ya sa, har yau ina jin sa.

Na tattara 'yan ƙwallona, na ɗauki hulata da ta faɗi ban sani ba, na fita. Maman Ummi ta buɗe min ƙofa, ta dubi fuskata, ta dubi jiƙaƙƙen hannun rigata, ta zubo min abinci. Sai da na ci abinci ta ce, "Ina golan?" Na ce yana nan lafiya, ya fi ƙarfin gidanmu. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani, ta kai har kicin kafin dariyar ta ƙwace mata.

Na ɗau lokaci ban koma zauren ba. Ba asarar ce ta fi damuna ba. Wata rana na zauna na jera su a kan gado, na ɗauki Ɗan Auta na kai hanci, sai na ji ƙaurin roba da ɗan warin kifin Alhaji. A nan na tuna cewa shekara biyu ina farautar katunan nan ban taɓa sa yatsana a jikin ko ɗaya ba. Alhaji Mumuni ya taɓa su, almakashi ya taɓa su, ni ban taɓa ba, kuma yanzu ba zan taɓa ba. Na zauna a bakin gadon, ƙato da ni da furfura, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kira ni a waya.

Abokin aikina ne ya zo da saƙo cewa tsoho yana nemana. Na je kamar mai zuwa ofishin hedimasta. Ina shiga wani ya ɗauke gorar ruwansa daga tebur ya ɓoye, aka kwashe da dariya, ni ma na taya su don ba ni da zaɓi. Denis ya ja ni gefe ya ce abu ɗaya ya hana shi sukuni, yana so ya san me zai sa mai hankali ya yi haka. Sai na ba shi labarin Fagge, da gwangwani, da ruwan sama, da Baba da injinsa, da Yaya Sabo. Na gaya masa sunan da muka sa wa golansa, ya yi dariya har da tari.

Ya ce, "Mai kyan ba zan ba ka ba, kar ma ka sa rai." Sannan ya laluba cikin wani tsohon kwali ya zaro wani kati tsirara, babu leda. Malam Tanko ne, amma wanda ya sha duniya. Kusurwoyi sun lanƙwashe, layin ninki ya ratsa ƙirjinsa, a bayansa ga wani tabo ruwan hoda inda cingam ya manne ya bushe. Ya ce wannan shi ne nasa na yarinta, a aljihu ya yi ta yawo da shi, ba mai ba da ko kofi a kansa. "Wannan ba abin da za ka yi masa da ban riga na yi ba. Amma ka rantse ba zai ga abokin nan naka ba."

Na rantse. Na miƙa masa katin jikarsa, ya karɓa ba musu (tsohon nan ya iya ciniki shi ma, kar ku ga tausayin). Na karɓi Malam Tanko da yatsuna, na ji laushin takardar, na juya wajen tabon na kai hanci. Ƙila hancina ne ya yi min ƙarya, ban musa ba. Amma na ji shi, can ƙasa-ƙasa, ƙamshin nan. Na rufe ido a tsakiyar Queens, na ji ana cewa kar in sa masa yawu.

Darasin da na koya ba mai yawa ba ne: ba komai ne takardar gama firamare ba, kuma in matarka ta ce ka tambaya, ka tambaya. Alhaji Mumuni har yau in na wuce sai ya ɗaga murya, "Dokta, ina na sha ɗayan? Kawo mu gama aiki!" Ni kuma in ce yana gaishe shi.

Ƙungiya dai ta cika. Goman suna jere a kan taga suna ƙyalli, ba ruwansu da kowa. In hadari ya haɗu a Bronx ko kallonsu ba na yi, in sun ga dama su kwana a waje. Malam Tanko kaɗai nake tashi in ɗauko, in sa shi a aljihun gaban riga, in zauna har ruwan ya ɗauke.